Alƙalamin da aka samu a ƙasan akwatin soja

Nuwamba 2023: yadda ya zo hannu

Wanda abin ya faru da shi malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, abokina ne tun muna yara, sunan kakanshi gare shi, don haka a gidansu babu mai kiran sunan kai tsaye, nima a nan malam kawai zan dinga ce mishi. A farkon Nuwamba aka tashi rushe tsohon ɗakin ƙasa na kakan za a yi na bulo, sai aka fito da kayan ciki tsakar gida, ciki har da wani akwatin ƙarfe irin na soja duk ya yi tsatsa. A ƙasan akwatin, cikin wani tsohon tsumma, aka ga alƙalami mai shan tawada, jikinshi ja mai duhu kamar zoɓo, murfin kuma farin ƙarfe da maƙali mai siffar kibiya.

Kowa a gidan ya san labarin alƙalamin tun kafin a gan shi. Kakan yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, ya dawo gida a 1946, kuma abin da jikoki suka taso suna ji shi ne da wannan alƙalamin ya dawo, har "alƙalamin Bama" ake ce mishi. Malam ya roƙa aka bar mishi. Abu biyu yake so, na farko alƙalamin ya yi rubutu, na biyu ya tabbatar da shekarunshi don ya rubuta a takarda ya ajiye wa 'ya'yanshi.

Alƙalamin Parker 51 ne. Kamfanin Parker na garin Janesville a jihar Wisconsin ta Amurka, wanda aka kafa a 1888, shi ya fito da shi kasuwa a 1941, lambar 51 ɗin kuma daga shekarun kamfanin ne a 1939 lokacin da aka gama ƙera samfurin. Abin da ya bambanta shi da sauran alƙaluman zamaninshi shi ne bakin a ɓoye yake cikin kube, ɗan tsinin kawai ake gani, duk wanda ya yi makaranta da Hero 616 ɗan China ya san siffar, ai kwaikwayon wannan ne. Wannan kuben shi ya sa ba ka ganin komai na abin da ke faruwa a ciki, kuma yawancin wahalar da malam ya sha daga nan ta fito.

Sati biyu na farko: tawada, reza, allura

Ranar 9 ga Nuwamba ya sayo kwalbar tawadar Quink shuɗiya a kantin littattafai. Ya kwance gangar jikin, sai ga wani kwanson ƙarfe da taga a gefe, ta tagar kana ganin jakar tawada da ɗan ƙarfen da ake matsawa, a jikin kwanson an rubuta da Turanci cewa a matsa sau 6. Ya tsoma baki a kwalba ya matsa sau 6, ya ƙara 6, ya ƙara wasu, babu kumfa ko ɗaya da ta fito, jakar kuma in ya matsa da kyar take komawa. Ya gwada a takarda, ya yi kalma biyu da tawadar da ta maƙale a baki, shikenan ya tsaya.

Sai ya yi abin da dukkanmu muka yi da Hero a aji uku, ya ɗauko reza ya zura a tsagar bakin wai ya fito da datti. Wani baƙin gari ya ɗan fito, wannan ya ƙara mishi ƙarfin gwiwa ya koma da allurar ɗinki yana tsokala ta ƙasan kuben. Bayan kwana uku yana wannan aikin alƙalamin bai sha tawada ba, sai dai yanzu in an ja shi a takarda yana karce ta, abin da ba ya yi a da. Rezar ta buɗa tsagar, kuma ɓangare ɗaya na bakin ya ɗaga sama ya bar ɗan'uwanshi.

25 ga Nuwamba: wajen mai gyaran agogo

Babu mai gyaran alƙalami a kasuwa yanzu, don haka ya kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da gilashin ido. Mutumin ya duba ya ce ai toshewa ya yi, sai an buɗe kan. Ya murɗa da hannu ya ƙi, ya naɗe da ƙyalle ya sa filaya, filayar ta zame sau biyu, a na biyun haƙoranta suka huda ƙyallen suka zauna a jikin kuben, layi huɗu a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen. Malam ya ce a nan ne cikinshi ya ɗuri ruwa ya ce baba a bari haka. Dattijon ya ce to bari a zuba mishi sipirit ta baki ya narkar da dattin, ya ɗiga da sirinji, ya ce in bai yi ba a dawo a jiƙa shi a kananzir ya kwana. Malam ya biya shi ya tafi, bai koma ba.

Daren ranar ya turo min hotuna a WhatsApp yana cewa abokina kai da kake tara waɗannan abubuwan ka ga abin da na jawo wa kaina, garin gyaran gira zan rasa ido. Ni ba gwani ba ne, ina da tsofaffin alƙaluma goma sha wani abu da na tsinta nan da can kuma na lalata uku kafin in fara gane kansu, amma 51 na taɓa buɗe guda biyu. Abin da na ce mishi kawai kar ya ƙara sa ƙarfe ko sipirit a jikinshi, ya nemo kofin gilas.

Disamba: ruwa kawai

Daga 2 ga Disamba ya fara jiƙa shi. Murfi a gefe, gangar jiki a gefe, alƙalamin a tsaye baki ƙasa cikin kofi, ruwa iya tsawon kuben kar ya kai kwanson ƙarfen. Ruwan leda mai sanyi, ba na rijiyar burtsatse ba saboda nasu yana barin farin gari a buta. Safe da yamma yana canzawa, duk canji ya matsa jakar a hankali sau goma.

Kwana biyun farko ruwan ko gezau. A na uku ya fara zama toka-toka, a na biyar baƙi ƙirin kuma in an bar kofin ya zauna sai ka ga wani gari ya kwanta a ƙasa kamar ƙurar gawayi. Wannan ya ɗaure min kai, don tawadar alƙalami irin su Quink rini ce, narkewa take a ruwa gaba ɗaya, ba ta barin gari. Na ce ya tambaya a gida ko wani ya taɓa zuba mishi wani abu. Baffanshi, ƙanin babanshi, da ya ji tambayar dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce shi ne, yana yaro wajen ƙarshen shekarun 1970 ya sato alƙalamin daga akwati ya ɗura mishi tawadar allo don ya burge 'yan makarantar dare, da ya ga ya daina rubutu ya lallaɓa ya mayar bai gaya wa kowa ba, sama da shekara arba'in ke nan.

To tawadar allo gawayi ce da ƙaro. Ƙaron yana narkewa a ruwa, shi ya sa jiƙon ya fara aiki, amma gawayin ba ya narkewa ko za a shekara, sai dai ruwa ya kwashe wanda ya samu hanya. Sannan ƙaro ba ya narkewa a sipirit sam, ƙara ɗaurewa ma yake yi, wataƙila shi ya sa kwana biyun farko suka tafi a banza.

Ranar 11 ga wata, kwana tara da farawa, ruwan ya fara fitowa kusan fari. Muka yi awo ta waya. Ya auna ruwa mililita 5 da sirinji a ɗan murfin kwalba, ya tsoma baki ya matsa sau 6, ya zuƙe abin da ya rage ya duba, alƙalamin ya sha kusan 0.3 kawai. Kumfa kuma a matsi na farko kaɗai take fita, daga na biyu ruwan ne ke shiga yana fita. Da ya sa Quink ya yi rubutu layi bakwai zuwa takwas mai kauri da karce, sai ya dushe, sai an girgiza ya dawo. Kuma in ya girgiza kusa da kunne yana jin wani abu na ƙaras-ƙaras a cikin jakar. Ya ƙara sati guda yana jiƙawa, awon bai canza ba, 0.3 ɗin nan dai.

Ƙarshen Disamba: karanta shekarun

Lokacin hutu na je Zariya da gilashin ƙara girma mai ninki goma, muka zauna a zaure da hasken rana. Kafin a taɓa komai na ce mu fara da shekarun tunda wannan ba ya ɓata komai.

A jikin gangar, dab da zoben ƙarfen da murfi ke kamawa, akwai rubutu siriri da hannu ya goge rabinshi: sunan Parker, lamba 51, MADE IN U.S.A., sai lamba 9 da ɗigo biyu a gefenta. Parker na Amurka a waɗannan shekarun haka suke yi, lamba ɗaya ita ce ƙarshen shekara, ɗigo kuma rubu'in shekarar. A watanni ukun farko hatimin yana da ɗigo uku, duk bayan wata uku sai a goge ɗigo ɗaya daga jikin hatimin, na biyu ɗigo biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe babu. Dabara ce mai sauƙi, goge ɗigo ya fi sassaƙa sabon hatimi arha. Illarta ita ce shi ma hannu yana goge ɗigo, alƙalamin da ya sha aljihu zai iya nuna biyu alhali uku aka buga, don haka rubu'in ba a rantsuwa a kanshi, shekarar dai ana iya tsayawa a kai.

Malam ya ce to 9 ai 1939 ce, kuma ya yi daidai, wani Bature ya saya kafin yaƙi ya ba kaka a Bama. Na ce mu duba sauran jikin. Parker 51 na farko, daga 1941 zuwa 1948, tsarin Vacumatic gare su, ba a kwance gangar jikin, wani ɗan murfi ne a gindi ake cirewa sai ga sanda ana dannawa, tawada tana zama a cikin gangar kanta. Irin mai jaka da ƙarfen matsawa, wanda suka kira Aerometric, a 1948 ya fito. Nashi mai jaka ne. Rubutun sau 6 ɗin ma na farko-farkon Aerometric ne, daga baya suka mayar da shi sau 4. A jikin kwanson kuma an ce a yi amfani da tawadar Superchrome, ita kuwa a 1947 ta fito. Maƙalin murfin kibiya ce zalla, babu ɗan shuɗin tambarin nan mai kusurwa huɗu da na zamanin yaƙi ke ɗauke da shi a saman maƙali. Kowane ɗaya shi kaɗai ana iya musu da shi, murfi musamman, don mutane suna musanya murfi, amma gangar da kwanson da murfin duk sun faɗi abu ɗaya: 1949, tsakanin Afrilu da Yuni in ɗigon bai goge ba.

Malam ya yi shiru ya jima, can ya ce kenan shekara uku bayan dawowar kaka. Na ce haka alƙalamin ya ce. Bai ji daɗi ba, kuma ya ce kar in faɗa a cikin gida tukuna.

Wani abu kaɗan a gefe. Wani da ya ga hoton ya ce mishi launin nan shi ne wanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo, wani mai kama da ɗinya da Parker suka yi na ɗan lokaci a 1948 da 1949, wai kuɗi ne a hannunshi. Muka haska tocila a jikin gangar, ja ne sosai yake fitowa, babu ruwan shunayya a ciki. Jan zoɓo ne na yau da kullum da suka yi da yawa. Dama ba sayarwa zai yi ba.

6 ga Janairu 2024: buɗe kuben

Kuben 51 murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba, amma a masana'anta suna shafa shalak a zaren kafin su ɗaure, wani irin ƙaro ne da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan. In ya bushe yana riƙewa kamar dutse, in ya ji ɗumi wajen digiri 60 sai ya yi laushi. Filayar dattijon da shalak mai sanyi take kokawa, da ya ƙara ƙarfi kuben ne zai tsage ba shalak ɗin ba.

Kafin mu taɓa na kaka na sa malam ya buɗe wani tsohon Hero nawa sau uku, ya ga yadda kayan ciki suke jeruwa, hannunshi ya daina rawa. Sannan muka aro dirayar busar da gashi ta maiɗakinshi, muka yanko robar tiyub na keke guda biyu don riƙo. Ana hura iskar a mahaɗar kube da zobe ana juya alƙalamin, daƙiƙa talatin, a kai kusa da leɓe a ji, in leɓe ba zai iya jurewa ba ya yi yawa. A murɗa da hannu, in ya ƙi a sake hurawa, ba a ƙara ƙarfi. NEPA ta ɗauke a zagaye na huɗu muka zauna jiran awa biyu. A zagaye na bakwai ya motsa kamar faɗin farce, a na tara ya kwance.

Jikin 51 da Lucite aka yi shi, roba ce mai tauri da ba ta jin tsoron wannan ɗan ɗumin, Parker sun zaɓe ta ne saboda tawadar da suka yi wa alƙalamin tana cin robar da ake amfani da ita a da. Da tsohon alƙalamin seluloyid ne, wato irin robar da ɗin, da ban yarda a yi wannan aikin da dirayar da ba ta da awo ba, shi yana lanƙwashewa da wuri kuma wuta yake kamawa.

Abin da muka gani a ciki: bakin zinare siriri kamar bututu, a cikinshi ɗan baƙin harshe da tawada ke bi zuwa baki, su biyun a soke cikin wani abu mai siraran haƙora jere kamar mataji da aka naɗe. Aikin matajin nan shi ne ya riƙe rarar tawada ya dinga shayar da baki. Kwana goma sha shida na jiƙo sun wanke gaban, amma kashi biyu cikin uku na haƙoran a cike suke da gawayi kamar an yi musu yaɓe. Da muka zare matajin sai ga guntun siririn bututu a bayan harshen, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, baƙi, bakinshi a cinye. Muka kifa alƙalamin muka bubbuga, sauran bututun ya faɗo daga cikin jaka, shi ne mai ƙaras-ƙaras ɗin.

Wannan shi ne bututun numfashi, kuma shi ya bayyana 0.3 ɗin. In yana nan lafiya, bakinshi yana can saman jakar, duk matsi iska ce ke fita ta cikinshi, duk saki tawada ce ke hawowa ta zubo a jaka ta zauna, a haka sau 6 ke cika ta. In ya karye, matsi na biyu yana fitar da abin da na farko ya shigar, ko sau ɗari ka matsa abin da matsi ɗaya ya ɗauka shi ke gare ka. Na farkon Aerometric da azurfa aka yi bututun, kuma masu gyara sun daɗe da sanin cewa Superchrome mai kaifi ce tana cinye shi, kamfanin ma ya daina yin ta a 1956. Ita kuwa jakar, wadda Parker ke kira Pli-glass, ta yi baƙi ba a ganin cikinta amma ba ta tsage ba kuma tana dawowa in an saki, shekara 75 fa. Ba mu taɓa ta ba.

A jikin bakin zinaren, wajen da kube ke rufewa, akwai tashi alamar shekarar, ita ma 1949.

Janairu zuwa Fabrairu: wanki, jira, da tabon Juma'a

Matajin muka jiƙa shi a amoniya kashi ɗaya ruwa kashi goma, wani abokin aikinshi mai koyar da kimiyya ya sammana kaɗan. Awa ɗaya a ciki, a wanke da tsohon burushin haƙori mai laushi ana bin haƙoran a tsaye ba a gicciye ba don karyewa suke, a ɗauraye, a maimaita. Sau biyar cikin kwana biyu kafin ya koma garai. Kwanson ƙarfen ba mu bari amoniya ta taɓa shi ba. Guntun bututun da ya maƙale a harshe kwana uku ya yi a ruwa kafin ya yarda ya fito da hantsaki.

Bakin da reza ta ɓata, a ƙarƙashin gilashi muka gyara shi da farce kawai, a danna ɓangaren da ya ɗaga kaɗan, a duba, a matse biyun su kusanci juna, a duba. Ɗan ƙwallon ƙarfen da ke tsinin, wanda shi ne ke taɓa takarda, yana nan a duka ɓangarorin, wannan shi ne sa'ar da aka yi, da rezar ta ɓalle ɗaya da sai neman wani baki.

Sabon bututu ne ya ba da wahala. Malam ya gwada tsinken robar da ke zuwa da gwangwanin feshin mai, ya yi kauri bai shiga ba. Ya yanke allurar sirinji, ta shiga amma sako-sako, tana faɗowa, kuma yankan ya matse bakinta. Sannan na asalin yana da wata 'yar huda a gefe kusa da harshe wadda ke daidaita iska, mu kuma ba mu da abin huda ƙarfe siriri haka. Muka haƙura, ɗan ƙanwarshi da ke karatu a Ingila ya sayo bututun ƙarfe mara tsatsa da aka yi don 51 da 'yar kwalbar shalak, ya ba wani mai dawowa. Sati biyar aka yi ana jira, kayan suna cikin gwangwanin alawa.

Saƙon ya iso 14 ga Fabrairu, malam bai jira ni ba ya haɗa da kanshi. Jerin ya yi daidai, faffaɗar tsagar mataji a saman baki, tsinin kube ya sauka daidai kan tsinin baki, sau huɗu ya kwance yana juya matajin kafin su haɗu. Amma bai shafa shalak ba, ya ce yana tsoron in ya liƙe kuma wani abu bai yi ba. Awo ya ba da mililita 1.4, kumfa tana fita har matsi na biyar. Ya yi rubutu shafi uku ba tsayawa, ya kira ni yana ihu.

Ranar Juma'a 16 ga wata ya maƙala shi a aljihun farar shadda ya tafi masallaci. Da ya dawo ya cire murfi, yatsu uku suka yi shuɗi, tawada ta biyo zaren kuben ta taru a zobe, ta kuma samu aljihun. Maiɗakinshi ta ce ita dai dirayarta aka ara, ba ta ce a haɗa mata da wanki ba. Washegari ya sake kwancewa, ya busar, ya shafa shalak siriri a zaren da tsinken sakace, ya ɗaure ya bar shi kwana biyu. Ya tambaye ni ko sufa gulu ba zai fi riƙewa ba, na ce zai riƙe har abada, jikanka kuma in ya zo buɗewa sai ya fasa.

Daga 19 ga Fabrairu bai ƙara yoyo ba.

10 ga Afrilu: gaisuwar Sallah

Ranar ƙaramar Sallah ya je gaida gwaggonshi, babbar 'yar kakan, ya nuna mata yana rubutu. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce Gwaggo alƙalamin nan fa lambar jikinshi ta nuna bayan yaƙi aka yi shi. Ta ce Babana wa ya ce maka daga Bama ya zo? Akwatin ne ɗan Bama. Ta ce innarta ta sha gaya mata cewa da aka ɗauki kakan malamin awon auduga, tunda ya koyo boko a soja, da albashin farko ya sayi alƙalamin a kanti, a shekarar da aka yaye ta, har innar ta yi fushi wai kuɗin zanenta aka kai wa Bature. An haifi gwaggon a 1948. Babu wanda ya taɓa tambayarta, yara sun ga alƙalami a akwatin Bama sai sunan akwati ya bi shi.

Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

A ganina cuta biyu ce ta haɗu a alƙalami ɗaya kuma kowacce tana ɓoye 'yar'uwarta. Gawayin baffa ya toshe hanya, karyayyen bututu ya hana cikawa. Ruwa ya magance rabin ta farko, shi ya sa aka ga ci gaba aka zaci ƙarin jiƙo zai gama aikin, sati na biyu na jiƙon asara ce kuma laifina ne, tun ranar da awo ya tsaya a 0.3 ga ƙara a jaka ya kamata in ce a buɗe. Awon sirinjin nan shi ya fi komai amfani a duk lamarin, don shi ya raba "yana ɗan rubutu" da "yana shan tawada".

Ɓarnar da ta dawwama kuwa duk ta Nuwamba ce, ba ta shekara 75 ba. Reza an gyara abin da ta yi, filaya ba a gyara ba. Ban ga laifin dattijon sosai ba, agogo ba a liƙe shi da abin da sai ɗumi ke sakewa, ya yi abin da sana'arshi ta koya mishi. Sipirit ɗin bai fasa komai ba a wannan karon, amma irin wannan robar yana iya sa ta tsattsage, kananzir ɗin da aka tsallake kuma ban so in ga abin da zai yi wa jakar ba.

Wajen shekaru, lambar 9 ita kaɗai da ta ba malam amsar da yake so. Tsarin shan tawada ne ya kashe 1939, sauran suka bi baya, maganar yaye ta gwaggo kuma ta kawo sayen wajen 1950, wanda ya zauna daidai da alƙalamin da ya bar masana'anta a tsakiyar 1949 ya biyo jirgin ruwa.

Yanzu da shi yake cika rahoton ɗalibai, cikawa ɗaya tana kai shi kusan sati biyu, duk wata yana ɗauraye shi da ruwa. Sawun filayar mun rage kaifinshi da man goge ƙarfe a ƙyalle mai laushi amma layi bakwai ɗin suna nan, yatsa yana jin su. Ana samun tsohon kube a saya, sai dai jan kowane alƙalami da yadda ya tsufa, da wuya ya dace da gangar, malam ya ce a bar shi. Abin da ya rage shi ne murfin, ya ɗan saki, in ya sunkuya alwala alƙalamin na iya zamewa ya bar murfi a aljihu, 'yan yatsun ƙarfen da ke cikin murfin ne suka gaji, kuma buɗe murfin 51 aiki ne da ni kaina ban taɓa yi ba. Mun sa shi sai hutun ƙarshen zango, kafin nan a jaka yake ɗaukarshi cikin tsumman da aka same shi.